Hamsta ta Ƙasar Sham da Cutar da Ke Zubar Mata da Gashi

Mai karatu ya sani, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wata 'yar dabba da a ke ajiyewa cikin keji a ɗaka, don sha'awa da wasan yara. Sunanta hamsta. Dangin ɓera ce, amma wutsiyarta guntuwa ce ƙwarai, gashinta kuwa mai ruwan zinariya. Tana da jaka a kumatunta inda ta kan cusa hatsi ta kai rami, kamar yadda gafiya ke yi. Nauyin babba galibi ba ya wuce giram 150, kwananta a duniya kuwa shekara 2 ne zuwa 3.

Asalinta ƙasar Sham ne. Cikin shekarar 1930 wani masanin dabbobi, Israel Aharoni, ya sa aka haƙa rami a wata gonar alkama kusa da birnin Halab, aka sami uwa da 'ya'yanta. Dalilin nemanta shi ne wani likita a Birnin Ƙudus, Saul Adler, yana bukatar dabbar da zai yi binciken wata cuta a kanta. Waɗanda suka rayu har suka hayayyafa ba su wuce uku ko huɗu ba. Daga nan aka kai zuriyarsu Ingila a 1931, sa'an nan Amurka a 1938. Mafi yawan hamstar Sham da ke gidajen mutane jikokin wannan rami guda ne.

To, cikin abubuwan da ke kai masu ita gun likitan dabbobi, ban da zawo, akwai fata. Mutum ya kan wayi gari ya ga gashin gadon bayanta ya fara zubewa, daga ƙugu ya nufi wuya, fatar ta bushe tana saɓa kamar amosani. Sau da yawa ba ta ma ƙaiƙayi. Likita ya kan kankari fatar kaɗan da wuƙa, ya sa a madubin likita, sai ga waɗansu ƙwari ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Iri biyu ne. Ɗaya dogo siriri, mazauninsa gindin gashi, ana ce masa Demodex aurati. Ɗaya kuwa gajere, mazauninsa saman fata, shi ne Demodex criceti.

A nan ne mutane ke ɓata. Suna tsammani baƙo ne ya shigo, sai su zargi mai kantin da ya sayar musu, ko su yi ta ƙona shimfiɗar keji. Alhali kuwa ƙwaron ɗan gida ne. Tun tana jaririya hamsta ta kan ɗauke shi daga jikin uwarta, ta zauna da shi lafiya lau, domin ƙarfin jikinta yana hana shi yaɗuwa. Ba ya samun sarari sai jiki ya raunana, watau ko tsufa ya zo, ko abinci ya gaza, ko wata cuta ta kama ta daga ciki, kamar ciwon ƙoda ko ciwon daji. Shi ya sa an fi ganin abin ga wadda ta haura shekara ɗaya da rabi. Saboda haka likitan da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga ƙwaron. Ya kan auna nauyinta, ya tambayi yawan ruwan da ta ke sha, ya lalubi cikinta, ya binciki abincinta, gama abincin da ya rasa sinadarin gina jiki shi kaɗai ma yana zubar da gashi. Wanda ya kashe ƙwaro ya bar sanadi, bayan 'yan watanni zai sake ganin saɓa.

Akwai kuma waɗansu abubuwa masu kama da wannan da ya kamata a rarrabe. Idan ɓawo ya fito a kunne da hanci da ƙafafu, tana ta susa ba hutawa, wannan ƙazuwa ce ta wani ƙwaro dabam mai haƙa fata, kuma yana yaɗuwa zuwa ga 'yan'uwanta. Idan gashi ya zube a kewaye kamar kwabo, a yi zaton makero, shi kuwa yana kama mutum, musamman yara masu ɗaukarta a hannu, don haka a wanke hannu da sabulu. Maganin ƙwaro ba ya yi masa kome. Dusar katako mai ƙamshi, irin ta itacen sida, ita ma ta kan sa fata ta yi ja. Abu ɗaya kuwa ba cuta ba ne sam: tabo baƙi guda biyu a kwiɓinta, dama da hagu, sun fi fitowa ga namiji. Da su ta ke goga warinta a mazauninta. An sha kai hamsta lafiyayya asibiti saboda su.

Maganin da aka fi yi wa ƙwarin nan shi ne ibamektin, wanda makiyayanmu suka sani da sunan Ivomec. An samo shi ne daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa a Japan, ya shiga kasuwar maganin dabbobi a 1981, kuma Satoshi Omura da William Campbell sun sami kyautar Nobel a kansa a 2015. Magani ne nagari, amma haɗarinsa ga hamsta yana wajen awo. Ɗan kasuwa ya yi lissafin da kansa. Allurar shanu, mililita 1 a ke yi wa kilo 50. Hamsta mai giram 125 sai an tara 400 kafin su kai kilo 50. Ashe ke nan rabonta bisa wannan awo kashi ɗaya ne cikin 400 na mililita. Ɗigo guda kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin 20 na mililita, watau ya ninka rabonta wajen sau 20. Abin da zai iya biyo baya shi ne makyarkyata, da tangaɗi, da suma, wani lokaci mutuwa. Shi ya sa likita ya kan tsarma maganin tukuna, ya auna da ƙaramin sirinji, ya maimaita bayan mako ɗaya ko biyu, a yi ta yi har a kankari fata a rasa ƙwaro. Sau da yawa aikin ya kan ɗauki fiye da wata guda.

Saura gargaɗi guda, ya kuwa fi na farko nauyi. Idan susa ko cizon 'yar'uwa ya zama gyambo, domin hamstar Sham ba ta yarda da zama biyu a keji ɗaya, mai ita ya kan so ya ba ta abin da ke gida. Fenisilin da amfisilin da danginsu, waɗanda ke warkar da mutum, ita kashe ta su ke yi. Su kan hallaka ƙwayoyin kirki na hanjinta, miyagu su yi yawa, zawo ya ɗauke ta cikin 'yan kwanaki. Akwai magungunan gyambo da cikinta ke ɗauka, likitan dabbobi ne zai zaɓa. Kafin a kai ta gare shi, a wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a sauya mata shimfiɗa da takarda mai laushi, a ware ta ita kaɗai a wuri mai ɗumi.