Falle da Lulluɓi: Bayani a kan Haɗa Hoto da Kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Titin Gidan Zoo, ko ya ratsa Tarauni, zai ga shagunan samari masu haɗa katin biki da kalanda da fastar fim da ta 'yan takara. Manufar wannan takarda ita ce bayyana abubuwa biyu da wannan sana'a ta dogara a kansu, wato falle da lulluɓi, sannan mu duba yadda ake fitar da aiki zuwa maɗaba'a.

2.0 Falle

Abin da masu sana'ar ke kira leya shi muka kira falle. Hoton da aka haɗa tamkar fallayen gilashi ne da aka ɗora wani kan wani: bango a ƙasa, mutum a tsakiya, rubutu a sama. Manhajar Photoshop, wadda ta fito a 1990, ta sami wannan tsari a 1994, kuma akwai shi a GIMP, wadda ake samu kyauta. Amfaninsa shi ne a taɓa falle guda ba tare da an ɓata sauran ba.

3.0 Lulluɓi

A ce an kawo hoton amarya ana so a cire ta daga ɗakin da aka ɗauke ta. Mai koyo yakan ɗauki magogi ya share bangon, in kuwa hannunsa ya goce ya ci gefen ɗaurinta, bayan an adana an rufe, gyara ya yi wuya. Gwani kuwa lulluɓi yake sa wa fallen. Ƙa'idarsa ita ce: inda aka shafa baƙi ya ɓuya, inda aka shafa fari ya bayyana. Ba a yanke kome ba ke nan, rufewa aka yi, don haka in an yi kure sai a mayar da fari.

Tsakanin baƙi da fari akwai matakai 256, daga 0 zuwa 255. Ruwan toka shi ke bayyana abu rabi da rabi, kuma da shi ake fitar da mayafi shara-shara har a hango sabon bango ta cikinsa. Magogi ba ya ba da damar sake gwada wannan sau da yawa.

4.0 Fitar da Aiki

A nan ne aka fi yin asara. Adanawa dabam, fitarwa dabam. Uwar aiki, wato PSD a Photoshop ko XCF a GIMP, ita ke riƙe da fallaye da lulluɓinsu. JPEG kuwa narkar da su yake yi su zama falle guda, ya cike gurbin da ba kome da launi, galibi fari. Saboda haka tambarin makaranta da za a ɗora kan wani aiki sai a fitar da shi a PNG, wanda ke barin gurbi wayam. Amma PNG ba ya ɗaukar launuka huɗu na maɗaba'a, wato CMYK. Aikin bugu sai TIFF ko PDF, a kan ɗigo 300 a kowane inci.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu musamman. In aka kai uwar aiki wata kwamfuta da ba ta da irin haruffan da aka yi amfani da su, ƙ da ɗ da ɓ na iya lalacewa. Maganinsa a mayar da kwafin rubutun zane kafin a kai.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa lulluɓi na kare hoto, uwar aiki kuma na kare wahalar mai shi. Ɗan takara kan dawo a canza masa launin jam'iyya, wanda ya yar da fallayensa kuwa sai ya faro daga farko. Shawararmu ga malaman kwalejojin ilimi ita ce a koya wa ɗalibi lulluɓi kafin magogi, a kuma karɓi uwar aikinsa lokacin ba da maki, domin a cikinta ake ganin yadda ya yi aikin.