Fiɗar sankarar fata: yadda likita ke bin diddigin aikin hannunsa

A ƙasar Ostireliya, cire sankarar fata aiki ne na yau da kullum a ɗakin likitan unguwa. Mutum zai shigo da ɗan tabo a hanci ko a bayan hannu, a yi masa allurar kashe zafi, a yanke wurin, a ɗinke, ya koma gida a ranar. Yawan cutar ne ya kawo haka. Ƙungiyar yaƙi da sankara ta ƙasar na cewa kusan mutum 2 cikin 3 za a same su da sankarar fata a tsawon rayuwarsu. Akasarinsu fararen fata ne da kakanninsu suka fito daga Turai suka zauna ƙarƙashin rana mai ƙuna, kuma ƙwararrun likitocin fata ba za su iya ɗaukar wannan kaya su kaɗai ba.

To amma wa ke duba ko aikin ya yi kyau? Maras lafiya ba zai iya sani ba. Shi dai ya ga ɗinki ya warke, ya yi godiya. Likitan ma, duk gwanintarsa, idonsa ba ya ganin inda cutar ta tsaya, domin sankarar fata tana miƙa saiwoyi a ƙarƙashin fatar da ke kama da lafiyayya.

Shi ya sa ba a yanka daidai bakin tabon. Ana haɗawa da lafiyayyar fata a kewaye. Ga nau'o'in da ba su da haɗari sosai, wajen milimita 4 ake bari. Ga melanom, wadda ita ce mafi kisa, faɗin ya danganta da zurfin da ta yi: santimita 1 idan siririya ce, santimita 2 idan kaurinta ya wuce milimita 2. Naman da aka cire sai a saka shi cikin ruwan formol, wani lokaci a ɗaura masa zare a gefe ɗaya don a san sama da ƙasa, a tura ɗakin binciken nama, wanda likitocinmu ke kira anapath a taƙaice. Can ake shafa wa gefunan tawada, a yanka shi siriri-siriri, a duba a madubin ƙara girma. Idan ƙwayoyin cutar sun taɓa tawadar, ma'ana an bar saura a jikin mutum. Takardar da ke fitowa daga wannan ɗaki ita ce alƙalin aikin.

Abin da ake nufi da likita ya binciki kansa shi ne ya daina karanta waɗannan takardu ɗaya-ɗaya yana mantawa. Ya tara su, na wata shida ko na shekara, ya ƙirga, ya gwada da ma'aunin da masana suka amince da shi da kuma sakamakon takwarorinsa. Inda ya ga rauni ya canza wani abu a aikinsa, sannan ya sake ƙirgawa don ya ga ko canjin ya yi amfani. Faransawa na kiran wannan audit clinique. Zagaye na biyun nan shi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali in babu shi ba a san ko an gyara komi ba.

A Ostireliya abin ya shiga doka. Tun watan Janairun 2023, hukumar da ke ba likitoci izinin aiki ta wajabta wa kowane likita awa 50 na ƙarin horo a shekara. Ba duka ba ne za a cinye su a zaman taro ana sauraron lacca. Aƙalla awa 25 dole su tafi wajen duba yadda mutum ke aiki da auna sakamakon aikin. Ga likitan da ke cire sankarar fata kowane mako, babu abin da ya fi sauƙin aunawa kamar wannan fiɗa, tunda kowane aiki yana da amsa a rubuce. Akwai ma wani rumbun bayanai mai suna SCARD da likitocin Ostireliya da Niyu Zilan ke shigar da ayyukansu, ya fitar wa kowa da lissafinsa tare da na sauran. A Faransa kuwa dokar 2009 ce ta kafa tsarin da ake kira DPC, dokar 2016 ta mayar da shi wajibin da ake cikawa duk shekara 3, kuma binciken aiki na cikin hanyoyin da ake karɓa.

Me ake ƙirgawa? Na farko shi ne aiki nawa ne aka bar saura. A ce likita ya yi aiki 60 a shekara, 6 suka dawo da gefe mai cuta. Wato ɗaya cikin 10. Lambar ita kaɗai ba ta faɗi komi ba sai ya buɗe fayil shidan. In ya tarar 5 daga ciki a hanci da kunne suke, to ya gano inda matsalarsa take. A fuska fata ba ta da yawa, likita na tsoron ɓata wa mutum kama, sai hannu ya matse yankan ba tare da ya lura ba. Maganin na iya zama ya riƙa zana iyakar da alƙalami da ma'auni kafin ya yi allura, ko ya koyi dabarar rufe babban rauni, ko kuma ya yarda cewa irin waɗannan wurare na ƙwararre ne, ya tura.

Na biyu ya fi ban sha'awa a ganina, domin ido yake aunawa, ba hannu ba. Kafin a tura naman, likita zai rubuta abin da yake zato. In amsa ta dawo sai a gwada. Daga nan ake fitar da wani lissafi: tabo nawa ya cire kafin ya kama melanom guda. Idan ya cire masu yawa ƙwarai, yana yanka mutane a banza, yana bar musu tabo da kashe kuɗi. Idan kuma kusan duk abin da ya cire sankara ce, kada a yi saurin tafa masa. Mai yiwuwa sai cuta ta fito fili yake taɓa ta, ƙananan da ake iya warkewa sarai suna wuce shi. Sauran abubuwan sanannu ne: rauni nawa ya yi ruwa, nawa ya zubar da jini, ɗinki nawa ya ɓalle. Akwai kuma tambayar da ba ta buƙatar ilimin fiɗa ko kaɗan: takardar sakamako ta dawo, an karanta, an kira mai ita?

Wannan tunani ba sabo ba ne. A farkon ƙarni na 20, wani likitan fiɗa na birnin Boston a Amurka, Ernest Codman, ya riƙa buɗe wa kowane maras lafiya kati, ya bi shi aƙalla shekara guda don ya ga ƙarshen aikin. Abokan aikinsa ba su so abin ba, har ya bar babban asibitin da yake aiki. A ƙaramin asibitin da ya buɗe da kansa, ya buga sakamakon mutum 337 da aka sallama tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kuskure 123 a ciki. Shekara ɗari bayan haka, abin da ya jawo masa baƙin jini ya zama sharaɗin riƙe izinin aiki.

Sai dai binciken kai yana da ramukansa. Wanda ke zaɓar fayil da hannunsa yana iya mance waɗanda ba su yi daɗi ba, ko da bai yi niyya ba. Shi ya sa ake so a rubuta kowane aiki a ranar da aka yi shi, a jere, tun kafin amsa ta dawo. Kwatanta likita da likita ma na buƙatar hankali: wanda ke karɓar manyan ciwuka a fuska dole lambarsa ta fi ta wanda ke cire ƙananan tabo a baya muni, kuma ba shi ke nuna ya fi shi rashin iyawa ba. In aka mayar da lambar abin hukunci, likitoci za su fara gudun aiki mai wuya don su tsare sunansu, maras lafiya ne zai biya. Sannan wanda ya yi aiki 10 kacal a shekara, kuskure guda na iya juya masa lissafi gaba ɗaya.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai ce wannan ai ciwon Turawa ne. Gaskiya baƙar fata na kare mu daga yawancinsa, amma ba duka ba. Zabiya ba shi da wannan kariya, kuma a ƙasashen Afirka sankarar fata na kama zabaya tun suna samari, galibi a kai, wuya da kunne, inda rana ke duka. Akwai tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru ba ya warkewa, wata rana ya rikiɗe ya zama sankara. Akwai kuma melanom da ke fitowa baƙar fata a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, a yi ta ɗaukarta ƙaya ce ko kaushi har ta yi nisa. Tun 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai na da na'urar gashi, amma ga sankarar fata wuƙar farko ce ta fi yanke hukunci, kuma sau da yawa ba a Yamai ake sa ta ba. A asibitin jiha ko na gunduma ake yi.

A nan bambancinmu da Ostireliya ya fito. Su takardar sakamako na dawo musu cikin ƴan kwanaki. Mu kuwa masu binciken nama kaɗan ne, galibinsu a babban birni. Sau da yawa dangi ne ke ɗaukar kwalbar su shiga mota da ita, su biya kuɗin binciken daga aljihunsu. Wani ya ga rauni ya warke, ya ga kuɗin mota da na bincike, sai ya ajiye maganar. Likitan da ya yi aikin ba zai taɓa sanin ko ya bar saura ba, sai ranar da mutumin ya dawo da ƙari ya ninka na da, ko kuma ya tafi wani wuri.

Don haka likitan da ke son fara wannan bincike a Tawa ko Doso ba ya buƙatar kwamfuta. Kaye guda ya isa, kowane aiki da layinsa: ranar aiki, shekarun mutum, wurin ciwon a jiki da girmansa, abin da ake zato, milimita nawa aka bari a kewaye, ranar da nama ya tafi, ranar da amsa ta dawo da abin da ta ce, da lambar wayar wani ɗan uwa. Sunan maras lafiya ya tsaya a rajistar asibiti, lamba kawai za a sa a kayen, domin sirrinsa ne. A ƙarshen wata shida, lambar farko da ya kamata ya fitar ba ta gefen da aka bar cuta ba ce. Ya fara ƙirga nama nawa ya cire, nawa suka isa ɗakin bincike, amsa nawa ta dawo hannunsa. Duk layin da gurbin amsarsa ke fayau, a ɗauki waya a kira lambar da ke gefensa.