Bayan Barka da Arziki: Gaskiya ko Jita-jita

Shekarun baya wani baffanmu a nan Kwarbai ta Zariya, dattijo da ya haura saba'in, ya ɗauki buzunsa ya fita sallar la'asar bai dawo ba. Masallacin bai fi taku ɗari daga zaurensa ba, kuma ya fi shekara arba'in yana bin wannan lungu. An yi cigiya a masallatai, an gaya wa mai unguwa, samari suka fita ta Ƙofar Doka suka karaɗe Tudun Wada, wasu suka nufi Ƙofar Gayan. Sai a rana ta uku wani ɗan acaɓa ya gan shi zaune kusa da gadar Kwangila, takalmi ƙafa ɗaya, yana cewa motar Kano yake jira zai je gaida mahaifiyarsa. Mahaifiyar nan ta rasu tun ba a haife ni ba.

Ran nan takalma suka cika ƙofar zaure. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba." Amma kafin a gama shafa fatiha har an fara wata hirar a tsakar gida. Ina ya kwana? Wa ya ɗauke shi? Me aka yi masa? Ba wanda yake jiran amsa, kowa da tasa ya zo. Tun daga ranar nake lura da maganganun da ake yi a gidan da aka ga wanda ya ɓata, ko tsoho ne, ko yaro, ko wanda aka karɓo daga daji.

Wata gwaggonmu ce ta fara. "Ai wannan aikin mutanen ɓoye ne. Da almuru ya bi ta kufai, suka ja shi." Ba na jayayya da samuwar aljanu, kuma ba wanda ya hana a yi wa mutum addu'a. Abin da na tambaye ta shi ne, Gwaggo, watanni nawa ke nan Baffa yana kiran jikokinsa da sunayen ƙannensa? Sau nawa ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba? Ta yi shiru. Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci cuta suke ɗaukarsa, cutar da ke cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba dole ba ce ga duk wanda ya tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da ita sun haura miliyan 55, kuma ƙungiyar da ke kula da masu cutar a Amurka ta ƙiyasta cewa shida cikin goma sukan fita su ɓata ko da sau ɗaya ne. Har lokacin da Gwaggo ta ambata ma akwai bayaninsa: ruɗewar takan tsananta da yamma, in rana ta yi sanyi. Sa'an nan mai cutar yakan riƙe tsohon abu ya saki sabo, shi ya sa Baffa ya tuna hanyar Kano ya manta lungun gidansa. Akwai kuma waɗanda ba gigi ne ya fitar da su ba: suga ya faɗi, ko farfaɗiya ta tashi ta bar mutum cikin ɗimuwa, ko zazzaɓi mai zafi ya juya wa tsoho kai. Waɗannan ana gane su da gwaji, ana kuma maganinsu. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna.

Illar ɗora wa aljanu laifi ita ce a yi hayaƙi, a sha rubutu, a saki jiki, bayan mako uku tsoho ya sake fita. Mu dai ɗinka wa Baffa takarda muka yi a cikin aljihun kowace riga, da sunan unguwa da lambar waya, muka kuma roƙi mai shayin bakin layi da mai kanti, in sun gan shi shi kaɗai su zaunar da shi su aiko yaro.

Wani ɗan'uwa kuwa cewa ya yi a kulle shi. In saurayi ne ya gudu aka kamo shi, shawarar takan fi haka zafi: "A kai shi gidan mari ya natsu." Wanda ya ga hotunan watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, da tabon bulala a baya, ya san irin natsuwar da ake samu a can. A watan da ya biyo baya an fasa irinsa a Daura da Katsina, har da nan Zariya. Da yawansu ba sato su aka yi ba, danginsu ne suka kai su da hannunsu. Mari bai taɓa tambayar yaro abin da ya kore shi daga gida ba.

Wata maganar kuma ta fi daɗin ji: "Tunda ya dawo da ƙafarsa, ai lafiyarsa lau." A cikin 'yan shekarun nan Zazzagawa sun ga irin wannan dawowa da yawa. Ɗalibai da malaman da aka kwashe a Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yuni na 2021 sun yi kusan wata guda a daji. Fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka tare ranar 28 ga Maris 2022, rukunin ƙarshe na mutum 23 ba su fito ba sai 5 ga Oktoba. Mutumin da ya yi wannan zama yakan dawo da zazzaɓin cizon sauro, da miki a ƙafa, da ciwon ciki na ruwan rafi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya yi makonni babu magani. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: wanda ya daɗe cikin yunwa, in aka dumfare shi da tuwo da kaji rana ɗaya saboda tausayi, abincin zai iya kayar da shi. Da kunu da abu mai ruwa-ruwa ake farawa, kaɗan-kaɗan, likita na dubawa.

In mace ce aka karɓo, akwai agogon da ke bugawa alhali dangi na can suna shawarar yadda za a rufa asiri. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Cibiyar Salama da ke asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan domin irin wannan aka buɗe ta, kuma daga Kwarbai tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep. Zuwa can ba tonon silili ba ne.

Ciwon da ba a gani kuwa sai dare ya yi yake fitowa. Mutum ya zabura don ya ji ƙarar babur, ya ƙi kwana in an kashe fitila, ya daka wa 'ya'yansa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai a fara cewa an yi masa asiri a can, ko ya canza hali. Yawanci wannan yakan lafa cikin makonni. In ya wuce wata guda yana nan, ko yana ƙaruwa, to aikin likita ne.

"Ku bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, zai ji sanyi." Rabin gaskiya ke nan. In shi ya so magana, a saurare shi. Amma a zaunar da shi a zaure yana maimaita labari ga kowane mai zuwa barka, wani ma ya ɗaga waya yana ɗauka, wannan ba jinya ba ce, kashe ƙwarƙwatar ido ce. Ko ma'aikatan lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hore su da kada su matsa wa wanda ya fito daga masifa ya zayyana abin da ya same shi nan take.

Inda jita-jita ta fi yin ɓarna shi ne maganar aure, kuma abin mamaki a garin da ake karanta Risala da Muhtasar a zauruka. Za ka ji an ce, "In miji ya ɓata shekara huɗu aure ya mutu da kansa." Wani ya ce a'a, bakwai ce. Wata kuma ta ce ai ko wata shida ya yi, in ya dawo sai an sake ɗaura aure. Duka ukun ba haka suke ba. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓata ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba, alƙali take kai wa ƙara. Alƙali ya sa a bincika. In an rasa labarinsa, sai ya yanka mata shekara huɗu, kuma daga lokacin ake lissafi, ba daga ranar da mijin ya sa ƙafa ya fita ba. In sun cika ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sa'an nan ta yi aure in ta so. Matar da ba ta je gaban alƙali ba, ko shekara goma aka yi, igiyarta tana nan. Ranar da ya dawo matarsa ce, babu sabon sadaki, babu goro. A mashhurin zancen mazhabar ma, ko an ɗaura mata da wani, muddin na biyun bai tare da ita ba, matar na farkon ce. In ya riga ya tare, to ta kuɓuce wa na farkon. Wanda kuwa aka san yana raye a hannun masu garkuwa, wannan ba ya cikin lissafin shekara huɗu, kamamme ne ba ɓatacce ba. Haka nan ba a ce mace ta zauna da yunwa ba: in babu abin ci da sha daga dukiyarsa, tana da damar neman alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa ba tare da jiran waɗannan shekaru ba.

Shekara bakwai ɗin da ake ambata daga wani wuri ta fito. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ce ta ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin mamaci in an shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa ba su ji ba. Zato ne na shari'a, kuma yana rushewa ranar da mutumin ya yi sallama. Gado kuwa ya fi aure tsauri a wajen malamanmu: ba a raba dukiyar ɓatacce sai ya kai shekarun da ba a tsammanin irinsa na raye, galibi saba'in daga haihuwarsa. Saboda haka ƙanen da ya yi gaggawar sayar da gonar yayansa yana cewa ai an fid da rai, ba shi da madogara. Wannan ba mas'alar cikin littafi kaɗai ba ce. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana riƙe da sunayen 'yan Najeriya kusan 22,000 da danginsu ke nema, adadin da ya fi na kowace ƙasa a wajenta a lokacin.

Ita kuwa macen da ta dawo, sai a bi ta da raɗa, wai "an ɓata ta". Wani bincike da UNICEF da International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda a Borno ake kiran matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram "annoba". Hukuncin da ke cikin Muwaɗɗa a sarari yake: wadda aka tilasta babu haddi a kanta, uƙuba da biyan sadaki na kan wanda ya tilasta ta. Aurenta bai girgiza ba. Maganar istibra'i kuwa tsakaninta ne da mijinta da malamin da suka amince da shi, ba ta shafi matan da suka zo barka ba.

Na yara ya fi ban tausayi. Mukan ce jini ba ya ɓuya, ɗa ba ya manta uwarsa. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka dawo da yara tara da aka sace aka sayar a Onica ta jihar Anambara. An canza musu suna, an canza musu addini, wasu Hausa ta gudu daga bakinsu. A watan Yuli na 2021 babbar kotun Kano ta ɗaure jagoran masu satar, Paul Owne, shekara 104. Yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara uku ya dawo yana ɗan takwas, baƙi yake gani a gidan ubansa. In ya noƙe, ko ya yi kukan matar da ta riƙe shi a can, ba butulci ba ne, ba kuma sammu ba. Da haƙuri ake sake sabawa. Inda kuma gida biyu suka yi jayayya a kan yaro ɗaya, kama da tabon ƙuruciya ba su isa hujja ba, gwajin ƙwayar halitta ne ke raba gardama.

Saura guda, wadda mu kanmu muka faɗa cikinta. An ce mana 'yan sanda ba sa karɓar cigiya sai an yi awa 24, muka zauna jira. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 akasin haka ta ce: wanda wani da ke ƙarƙashin kulawarsa ya ɓata, ya kai rahoto a cikin awa 24, ba bayanta ba. Da aka ga Baffa kuma, murna ta sa muka manta da komawa ofishin mu ce an gan shi, muka manta da hoton da muka watsa a WhatsApp da Facebook ɗauke da lambar wayar yayana. Har wani ya kira shi yana cewa tsohon na hannunsu, a turo kuɗi.

Bayan wata takwas hoton ya sake shigowa wayata daga wani abokin aiki a Kaduna, an rubuta a ƙasa, "Don Allah a tura gaba, ba a gan shi ba har yanzu." Na ɗaga kai. Baffa na zaune a kan buzunsa a bakin zaure, yana tambayata karo na uku ko an kira la'asar.