Riyal 10,000 a Madina: Lissafin Malamin Turanci

Tun shekarar 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal a jikin dalar Amurka: riyal 3.75, dala ɗaya, kuma har yau bai motsa ba. Naira kuwa, da take wajen 460 a dala a farashin gwamnati farkon 2023, ta haura 1,500 a cikin 2024. A wannan farashi, riyal ɗaya naira 400 ke nan. Shi ya sa duk ranar da tallar aikin koyar da Turanci a Madina ta shiga wayoyin malamai a Kano ko Zariya, da albashi, mu ce, riyal 10,000 a wata, kowa sai ya buga lissafi a zuci: naira miliyan 4. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kuɗin Madina ya ninka shi sau 57. Saudiyya ba ta cire harajin albashi. Ga kuma Masallacin Annabi, inda kowa ya san ladan salla ɗaya ya fi na dubu a wani wuri, in ban da Masallacin Harami na Makka. Ninkawar daidai take. Debewa ce ba a cika yi ba, kuma a nan ne magidanci da gwauro suke raba hanya.

Aikin dai akwai shi. Jami'ar Taibah, wadda aka kafa a 2003, na sa sababbin ɗaliban likitanci da injiniyanci da kwamfuta su ƙoshi da Turanci kafin su shiga karatu gadan-gadan. Jami'ar Yarima Mugrin, mai zaman kanta, da Turanci take koyarwa. A Yanbu, garin masana'antu da ke gaɓar Bahar Maliya cikin lardin Madina, kwalejojin fasaha na buƙatar malaman Turanci ga matasan da za su shiga matatun mai. Hatta Jami'ar Musulunci ta Madina, da aka buɗe a 1961 kuma muka fi sani da Larabci da Hadisi, ta buɗe tsangayoyin kimiyya da kwamfuta. A can Isa Ali Pantami ya koyar kafin a kira shi shugabancin NITDA a 2016. Sannan ga cibiyoyin yamma, inda ma'aikacin otal da ma'aikaciyar jinya da mai neman cin jarrabawar Turanci ta IELTS suke zuwa bayan Magariba da gajiyar wuni a jikinsu.

Abin da ke hura wutar buƙatar shi ne baƙi. Shirin Saudiyya na 2030 na son masu Umara su kai miliyan 30 a shekara. Aikin Ru'a al-Madina, gabas da Masallaci, an tsara zai samar da ɗakunan otal 47,000. Alhazan 2024 sun kai miliyan 1.8, kuma yaron da ke karɓar baƙi a otal ba zai koyi Hausa da Urdu da Turkanci da harshen Indonesiya duka ba. Turanci zai kama.

To amma wa ake ɗauka? Tallace-tallacen da suka fi tsoka sukan jera ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Ireland da Afirka ta Kudu. Najeriya, da ake karatu da Turanci tun daga firamare har jami'a, ba ta ciki. Mai digiri na biyu daga Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello yana iya samun aiki, amma a layin 'yan Sudan da Masar da Pakistan da Indiya yake, kuma a wannan layi kuɗin ya fi ƙanƙanta ko da aji ɗaya ake shiga, littafi ɗaya ake koyarwa. Babu dokar da ta hana, domin Saudiyya ba ta da mafi ƙarancin albashi ga baƙo. Riyal 4,000 da ake ambata na ɗan ƙasa ne, shi ne ma'aunin da kamfani zai biya kafin a ƙirga masa Basaudiye a matsayin cikakken ma'aikaci. Madina kuma tana da nata sirrin. Musulmi aka fi nema, wannan ya rage masu takara, amma Musulman Birtaniya da Amurka masu son zama kusa da Rauda suna nan da yawa, da fasfon da ake so a hannunsu, kuma sukan yarda da ƙasa da abin da za su karɓa a Riyad ko Dammam. Son garin da kansa yana karya farashin malami. Takardar CELTA, ta kwas ɗin sa'o'i 120 na Cambridge, tana taimaka wa ɗan Najeriya ya tsallake tantancewar farko. Launin fasfo dai ba ta canja shi.

Yanzu mu koma kan debewa, mu bar albashin a riyal 10,000 ɗin don sauƙin lissafi.

A Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗi kan kowane mutum da ma'aikacin kamfani mai zaman kansa ya ɗauko a ƙarƙashin igamarsa, wato takardar izinin zamansa: riyal 100 a wata. A 2018 ya koma 200, a 2019 ya zama 300, daga Yulin 2020 kuma 400. Jariri da babba duk ɗaya. Gwauro bai san da shi ba. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, wanda a wurinmu ƙaramin gida ne, zai biya riyal 2,000 duk wata, 24,000 a shekara, kashi 20 cikin ɗari na albashinsa, tun bai sayi buhun shinkafa ba. Idan albashin 6,000 ne, sulusi ya tafi. Kuma ba a sabunta wa iyali igama sai an biya. Da naira, a farashin 2024, riyal 24,000 ya kai miliyan 9.6. Wannan alƙalami kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa magidanta da yawa ke barin iyali a gida, su raba ɗaki da abokan aiki, su ga 'ya'yansu ta waya sai hutu.

Sai harajin saye. An fara shi da kashi 5 a Janairun 2018, aka ninka shi uku zuwa kashi 15 a Yulin 2020. Albashi ba a taɓa shi, amma duk abin da aka ɗauka a kanti an taɓa. Haya kuma sau da yawa ta wata shida ko ta shekara ake nema a dunƙule, don haka dole a duba ko 10,000 ɗin ya haɗa da alawus ɗin gida, ko gidan daban ne. Kwantiragi biyu masu adadi ɗaya a sama suna iya bambanta da dubban riyal a nan. Abin da ke da sauƙi shi ne mai: lita riyal 2.18, farashin da aka tsayar tun 2021.

Duk wannan ya rataya ne kan tambaya ɗaya: wa ya ɗauke ka? Wanda jami'ar gwamnati ta ɗauka kai tsaye yana ƙarƙashin tsarin ma'aikatan jami'a, hutunsa na bazara mai tsawo ne, kuma kuɗin iyalin nan a kan ma'aikatan kamfanoni aka ɗora shi. Sai dai wannan ƙofa digiri na biyu ko na uku take so. Yawancin guraben ta hannun kamfanonin kwangila suke zuwa, waɗanda ke karɓa daga jami'a su yanki nasu su ba malami saura. Kamfanin ma yana da nasa nauyin: riyal 700 zuwa 800 yake biya wa gwamnati duk wata kan kowane baƙon ma'aikaci, har 9,600 a shekara. Bai rubuta shi a takardar albashinka ba, amma ya lissafa shi kafin ya faɗi abin da zai ba ka.

Dokar ƙwadago, a gaskiya, ba ta da laifi a takarda. Sa'o'i 48 a mako, 36 a watan azumi ga Musulmi. Hutun shekara kwana 21, ya koma 30 bayan shekara biyar. Akwai hutun aikin Hajji da albashi, kwana 10 zuwa 15, sau ɗaya, ga wanda ya yi shekara biyu a wurin kuma bai taɓa sauke farali ba. Kuɗin biza, igama, inshorar lafiya da tikitin komawa gida a ƙarshen kwantiragi duk a wuyan mai ɗaukar aiki suke. Saboda haka dillalin da ya ce a kawo miliyoyi "don a fitar da biza" yana sayar maka da abin da doka ta ce ba kai za ka biya ba. Tun Maris na 2021 kuma ma'aikaci na iya canja wurin aiki bayan shekara ɗaya, ya nemi bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar Absher. Igiyar kafili, wato mai ɗaukar nauyin baƙo, ta sassauta, ba ta tsinke ba.

Kuɗin sallama ne ya fi cancanta a zauna a kai da biro. Rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan haka. A misalinmu, shekara biyar riyal 25,000, shekara goma 75,000. Amma wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara biyu ba shi da ko sisi. Tsakanin biyu da biyar, sulusi: shekara uku ta tara 15,000, sai a miƙa masa 5,000. Tsakanin biyar da goma, kashi biyu cikin uku. An gina lissafin ne don mai haƙuri, kuma wannan shi ne duk fanshon da baƙo zai gani.

Gaba kuma fa? Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 a ƙasar, miliyan 13.4 baƙi ne, kuma tun 2011 tsarin Niɗaƙat ke matsa wa kamfanoni su ɗauki 'yan ƙasa. Jami'o'in Saudiyya na yaye masu digirin Turanci duk shekara, maza da mata. Daga 2021 an fara koyar da Turanci tun aji ɗaya na firamare. Yaran da suka fara a lokacin za su isa jami'a wajen 2033, kuma da wuya su buƙaci shekarar share fage ta koyon Turanci irin ta yayyensu. A ganina guraben koyar da "wannan littafi ne, wancan alƙalami ne" za su ragu, na Turancin sana'a, wato na asibiti da otal da filin jirgi, su ne za su daɗe.

Wanda ke mafarkin ya tsufa a Madina kuwa ya sani igama da aiki a haɗe suke. Ranar da kwantiragi ya ƙare, zama ya fara ƙarewa, ko da 'ya'yan a asibitin garin aka haife su. Tun 2019 akwai izinin zama na musamman wanda ba ya buƙatar kafili: riyal 100,000 a shekara, ko 800,000 a biya sau ɗaya. Ga malaminmu mai 10,000, albashin wata 80 ke nan cur, bai ci ba, bai sha ba, bai aika wa kowa komai gida ba.