Me ya sa Yahudawa ke cire wasali idan za su rubuta sunan Allah da Turanci?

Duk wanda ya ɗan jima a Landan ko Manchester ko New York, har karatu ko aiki ko haya ta haɗa shi da Yahudawa masu riƙo da addini, da wuya bai taɓa cin karo da wannan rubutu ba. Saƙo ne zai shigo daga malamin jami'a ko mai gidan haya, sai ka ga inda ya kamata a rubuta God an rubuta G-d, wato an cire wasalin tsakiya an sa karan ɗori a gurbinsa. Baƙo kan ɗauka tuntuɓen yatsa ne. Wani ma ransa ya ɓaci, ya zaci an gutsure sunan Ubangiji ne don raini. Alhali girmamawa ce ta kawo haka, kuma irin wadda Bahaushe ya tashi da ita tun yana makarantar allo.

Tushen al'adar yana cikin Attaura. A babi na 12 na littafin Maimaitawar Shari'a an umarci Bani Isra'ila su rushe wuraren bautar gumaka, su shafe sunayensu, sannan aka gargaɗe su kada su yi wa Ubangijinsu haka. Daga nan malamansu suka fitar da hukuncin cewa haramun ne a goge sunan Allah bayan an rubuta shi. Musa bin Maimun, babban malamin nan kuma likita wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya lissafa sunaye 7 na Ibrananci da wannan hukunci ya shafa.

Mafi girma a cikinsu shi ne suna mai haruffa huɗu: Yod, He, Waw, He. Shi wannan ko furta shi ba sa yi. Bisa al'adarsu, a cikin Haikalin birnin Ƙudus ake ambatarsa, kuma Rumawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70 miladiyya. A wurin addu'a sukan ce Adonai, wato Ubangiji, a hira kuwa su ce HaShem, ma'ana "Sunan".

Taka-tsantsan ɗin ya shiga har cikin lissafi. Haruffan Ibrananci suna da ƙimar lamba, kamar yadda malamanmu suka san hisabin Abajada. Da za a bi ƙa'ida, 15 za ta zama Yod da He, wato 10 da 5. To amma waɗannan haruffa biyu idan sun haɗu suna ne na Allah, don haka sai a rubuta 9 da 6. Ita ma 16 akan rubuta ta da 9 da 7.

Abin da ake gudu shi ne inda takarda za ta ƙare. Littafin Talmud ya kawo labarin cewa bayan da gidan Hashmonai ya yi galaba a kan Girkawa, a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, an sa a riƙa ambatar sunan Allah a cikin takardun yarjejeniya. Malamai suka ƙi amincewa. Hujjarsu ita ce, ran da mai bashi ya biya, takardar ta gama aikinta, sai a tsince ta a juji. Aka soke dokar, har aka mai da ranar sokewar ranar murna.

To ina ake kai rubutun da ya riga ya ɗauki sunan, idan ya tsufa? Akan tara shi a wata ma'ajiya da suke kira geniza, daga baya a binne shi a maƙabarta. Mafi shahara ita ce ta majami'ar Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana zuba takardu ba a kwashe ba. Tsakanin 1896 da 1897 wani masani mai suna Solomon Schechter ya kwashi gutsattsarin takardu kusan 193,000 daga can zuwa Jami'ar Cambridge. Ban da littattafan addini, an samu wasiƙun fatake, takardun aure da lissafin kanti, da yawansu da Larabci amma a haruffan Ibrananci, kamar yadda ajaminmu yake Hausa a haruffan Larabci. Tsoron wulaƙanta suna ɗaya ya adana wa duniya tarihin talakawan Masar na zamanin Faɗimawa da Salahuddin.

Shi Ibrananci, kamar Larabci, da baƙaƙe ake rubuta shi, wasulla daga baya ake ɗora su. Cire wasali dabara ce ta waɗanda suka koma rubutu da boko. Idan aka rubuta G-d, kalmar ba ta cika ba, don haka ko takardar ta faɗa kwandon shara ba a zubar da cikakken suna ba. Masu Jamusanci sukan rubuta G'tt, masu Faransanci kuma D.ieu, su da ɗigo suke raba kalmar.

Sai dai ba duka Yahudawa suka yarda cewa wannan wajibi ne ba. Shabbatai HaKohen, wani malamin fiƙihunsu na ƙarni na 17, ya ce fassarar sunan zuwa wani harshe ba ta ɗauke da tsarkin sunayen Ibrananci, ana iya goge ta. Ana ba da labarin cewa Rabbi Joseph Soloveitchik na Boston ya taɓa rubuta kalmar cikakkiya a allon aji, sannan ya goge ta a gaban ɗalibai don ya nuna musu haka. Mafi yawan Yahudawa masu sassaucin ra'ayi suna rubuta God yadda kowa ke rubutawa. Malamai da dama kuma suna ganin abin da ya bayyana a fuskar waya ko kwamfuta ba rubutu ne mai ɗorewa ba, amma hannun da ya saba da karan ɗori ba ya bari.

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan fage. Yaro a Kano ko Damagaram ya san ba a zubar da ruwan wankin allo inda ƙafa ke takawa, kuma idan ya ga takarda mai sunan Allah a ƙasa zai ɗauka ya soke ta a jikin katanga. Musulmin Indiya da Pakistan da yawa sukan rubuta 786 a saman wasiƙa a madadin Bisimilla, domin ita ce jimillar haruffanta a hisabi. Tutar Saudiyya ba a sassauto da ita don makoki saboda kalmar shahada da ke jikinta. A 1972 ma'aikata masu gyaran Babban Masallacin Sana'a a Yaman sun gano tarin tsofaffin shafukan Alƙur'ani da aka adana a saman rufi, wasunsu na cikin mafi daɗewa da aka sani.

Ga mazaunin Turai ko Amurka, wannan magana ta aiki ce ta yau da gobe. Jadawalin sallah na watan jiya, katin ɗaurin aure mai Bisimilla a kai, kalandar masallaci da littafin Islamiyyar yara da ya yage, duk suna taruwa a gida, a ƙasar da ake da kwando na musamman don takardu, ga shi kuma a gidajen sama ba a kunna wuta. Yana da kyau mutum ya ware wani kwali ya riƙa tara su, sannan ya tambayi limamin masallacinsu yadda suke yi da irinsu. Mai buga katin biki ma zai iya tunanin inda katin zai kwana bayan an watse, kafin ya cika shi da ayoyi.

Idan kuma saƙo mai G-d ya shigo maka, ba dole ba ne ka kwaikwayi mai shi wajen ba da amsa, shi ma ba ya tsammanin haka daga gare ka. Idan ka buga saƙon a takarda ka gama da shi, kana iya jefa shi a kwando ba tare da damuwa ba, domin saboda wannan ranar ce ya cire wasalin tun farko.