Sahihi da Batili a Zancen Man Ɓawon Lemu

Wani zance ya bazu a tsakanin masu lambu, wai ɓawon nan da masu fere lemu suke zubarwa a bakin kasuwa maganin ciyawa ne mujarrabi, wanda in mutum ya jiƙa shi cikin ruwa ya yi feshi da shi, to, ya huta da fartanya, ya kuma huta da sayen maganin kanti. Da yake zancen yana da asali, amma an yi masa ƙari har ya wuce haddinsa, ya wajaba a rarrabe abin da ya tabbata da abin da baki ya ƙara.

Abin da babu shakka a cikinsa shi ne, a fatar lemu akwai ƙananan gurabu cike da mai, wanda shi ne yake fantsama ya sa ido yaji in an matsa ɓawon, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na man lemun zaƙi wani sinadari ne da masana suke kira limonin. In aka fesa shi da ƙarfinsa a kan ganye, sai ya narkar da kakin da Ubangiji Ya lulluɓe ganyen da shi domin tsare ruwansa, daga nan ruwan ya ƙafe, ganyen ya yi yaushi ya bushe, galibi kafin kwana ɗaya, musamman in rana ta buɗe. A Amurka har akwai wani maganin feshi mai suna Avenger, wanda kashi 70 cikin 100 nasa limonin ne. Man kuwa yana fitowa ne daga manyan masana'antun matsar ruwan lemu na Burazil da Fulorida, inda ɓawo yake taruwa tsibi-tsibi.

To, a nan ne hujjar masu jiƙo ta rushe, domin man da ke cikin ɓawo kaɗan ne ƙwarai, ga shi ba ya gauraya da ruwa, ga shi kuma da saurin bin iska, saboda haka ruwan da ɓawo ya kwana a ciki ƙamshi kawai ya ɗauka. Mai yiwuwa mutane sun yi ƙiyasi ne da al'adar turara busasshen ɓawo don korar sauro, alhali mas'alolin biyu ba su haɗa hanya ba.

Ko da man na haƙiƙa ne, aikinsa bai wuce inda ya taɓa ba, domin ba ya ratsa jikin tsiro ya gangara saiwa kamar yadda maganin ciyawa na gilaifoset yake yi. Ƙaramin haki mai faɗin ganye wanda bai daɗe da tsirowa ba yakan mutu. Amma jiji da ƙiri-ƙiri da tofa, waɗanda rayuwarsu take ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, aski kurum aka yi musu, bayan 'yan kwanaki sai su sake toho, mai gona ya sake ciro kuɗi, maganin kuwa ba mai araha ba ne. Ƙuduji ma, wanda yake manne wa saiwar dawa ya yi ɓarnarsa tun bai fito fili ba, sai dai a ce feshin ya zo a makare.

Cewa da ake yi yana kashe ciyawa ya ƙyale shuka, wannan batili ne tsantsa, don kuwa bai san bambanci tsakanin haki da tumatir ba. Haka nan da'awar cewa ba shi da illa tun da daga itace ya fito: tataccen man yana sa fata ƙaiƙayi da ja, yana cutar da kyanwa, yana kama wuta, kuma guba ne ga kifi, saboda haka mai lambun fadama da ke bakin rafi ya kiyayi wanke tankin feshinsa a cikin ruwan.