Ba caca ba ce: yaƙin Kogin Kirimisos a kan tebur

Duk wanda ya ga manya sun zagaye tebur suna jefa ƙwaya irin ta ludo, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne caca, in ya yi sassauci ya ce wasan yara. Wannan hukunci na gaggawa yana damuna, domin wasan yaƙi na kan tebur yana koyar da abin da haddar shekaru ba ta koyarwa. Tun a 1824 sojojin Furusiya suka karɓe shi don horar da hafsoshi, bayan wani jami'i mai suna Reisswitz ya nuna musu tsarinsa.

Mu ɗauki misali daga Commands & Colors: Ancients, wasan da Richard Borg ya tsara, kamfanin GMT ya fitar a 2006. Ɗaya daga fagagensa na farko shi ne yaƙin Kogin Kirimisos a yammacin tsibirin Sisili, wanda aka gwabza a 341 ko 339 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kartaj, babban birnin fatake da ke inda Tunisiya take a yau, ta aiko da runduna ƙarƙashin Hasdurubal da Hamilkar. Marubuci Fulutak ya ce sun kai 70,000. Timoliyon, mutumin Korinti da ke jagorantar Girkawan birnin Sirakus, yana da dakaru 5,000 da barade 1,000 a lissafin Fulutak, ko 12,000 a na marubuci Diyodoras. A hanya ma sojojin haya 1,000 suka juya suka bar shi.

Yadda aka saba ba da labarin shi ne hadari ya taso, ruwa da ƙanƙara suka riƙa dukan fuskokin mutanen Kartaj, kogi ya cika, Girkawa suka yi sa'a. Haka ne an yi ruwan. Amma wanda ya tsaya a nan ya zubar da rabin darasin.

Shimfiɗa allon wasan ka gani. Kogi ya raba rundunar Kartaj gida biyu, wasu sun haye, wasu suna can baya. Katin da ke hannunka ne ke faɗa maka ɓangaren da za ka motsa, dama ko tsakiya ko hagu, kuma 'yan ƙungiyoyi kaɗan kake iya ba umarni a zagaye guda. Nan take mai riƙe da Kartaj zai gane cewa sojan da bai haye ba, a wannan sa'ar, daidai yake da wanda ya zauna a gida. Kamar garken shanu ne a mashigi ɗaya: komai yawansu, 'yan na gaba kaɗai ke kan tudu, kuma in na gaban suka juyo, su da na baya ne za su tattake juna cikin ruwa.

Abin da Timoliyon ya hango ke nan daga kan tudu lokacin da hazo ya yaye. Karusan Kartaj sun riga sun haye, a bayansu manyan dakaru masu sulke da fararen garkuwoyi, ciki har da zaɓaɓɓun 'ya'yan garin Kartaj 2,500. Bai jira sauran ba. Ya tura barade ƙarƙashin Demaretas, karusai suka tare su, sai shi da kansa ya faɗa da dakaru. Ruwan ya sauko ne ana tsakiyar faɗa, ya tarar da mutane masu nauyin sulke cikin laka, kogi a bayansu. Diyodoras ya ce an gama da zaɓaɓɓun nan baki ɗaya.

To ina amfanin ƙwayar? Ita ce ke tsayawa a madadin abin da kwamanda ba shi da iko a kansa, kamar ruwan sama da firgicin soja. Ba a sa kuɗi, ba a cin na kowa. Mai riƙe da Girkawa da ya jira Kartaj ta gama hayewa zai sha kashi sau da yawa, ko da ƙwaya ta yi masa kirki, kuma in ya sake bugawa zai ga dalilin da idonsa.

Najeriya ta taɓa cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu, daga baya ta dawo da shi. Masu tsara manhaja su sani, dawo da jerin sunaye da shekaru bai isa ba. Da kwali da alli malami zai iya zana kogi, ya raba ɗalibai gida biyu, ya bar su su yanke shawarar lokacin kai hari, sannan ya tambaye su hujja.